Waken SAMPEA 20-T na Samaru: feshi biyu aka ce, ba a ce a daina feshi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna neman ka sam mana fili a jaridarka domin mu yi wa manoman wake bayani a kan irin nan da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta fitar mai suna SAMPEA 20-T. Labarinsa ya karaɗe ƙasa, rediyo ya faɗa, jaridu sun buga, amma abin da ya isa kunnen yawancin manoma magana ɗaya ce: wai an samo waken da ba ya son feshi. Ba haka masu binciken suka ce ba. Cewa suka yi feshin da ake yi sau shida zuwa takwas a damina ya sauko zuwa biyu. Manomin da ya rataye famfon feshinsa gaba ɗaya saboda wannan jita-jita zai iske fure a ƙasa da kwanso a shanye, daga nan sai ya ce jami'a ta yaudare shi, maƙwabtansa goma su fasa gwadawa. Wannan asarar ce ta sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Cibiyar Samaru ba baƙuwa ba ce ga manoman Arewa. An kafa ta a 1922 a matsayin tashar binciken noma, ta koma ƙarƙashin jami'a a 1962, kuma ita aka ɗora wa alhakin inganta wake da dawa da masara da gyaɗa da auduga a ƙasar nan. Aikin wannan wake ya ci shekara goma. An fara gwajinsa a killatacciyar gona a 2009 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku, da haɗin gwiwar gidauniyar AATF da ke Nairobi da cibiyar bincike ta CSIRO ta ƙasar Ostireliya. Hukumar NBMA, wadda doka ta ba ikon tantance tsirran da aka taɓa ƙwayar halittarsu irin wannan wake, ta amince da shi a Janairun 2019, aka yi masa rajista a Disambar wannan shekarar, sannan aka ƙaddamar da sayar da shi ga manoma a Kano a Yunin 2021. 'Yan'uwanmu na Ghana sun biyo baya a 2024 da nasu mai suna Songotra T, daga cibiyar binciken da ke Nyankpala kusa da Tamale.

Abokin gāba ɗaya aka yi wannan iri dominsa, wato tsutsar da masana ke kira Maruca. Uwarta ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai yawon dare, tana saka ƙwai a kan ɗaurin fure da furen kansa. Da ƙwan ya ƙyanƙyashe sai tsutsar ta shige cikin fure ta ci, idan ta ƙara girma ta huda kwanso ta shiga cin 'ya'yan. Alamarta ba ta ɓuya ga wanda ya duƙa ya duba: za ka ga fure da ganye ko kwanso biyu sun manne da juna da wata yana kamar ta gizo-gizo, da ɗan tarin kashinta a bakin ramin da ta huda. Ita kanta fara-fara ce mai ɗigon baƙi a jere a gadon bayanta. Abin da ya sa ta gagari feshi shi ne a ɓoye take cin abincinta, magani ya sauka a waje ita tana ciki. A shekarar da ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun tace ire-iren wake fiye da 15,000 suna neman wanda zai iya jure mata da kansa, ba su samu wanda ya isa a dogara da shi ba. Shi ya sa aka ɗauko wata ƙwayar halitta daga wata ƙwayar cutar ƙasa da ake taƙaita sunanta da Bt, aka sa ta a cikin waken SAMPEA 10 da manoma suka riga suka sani. Wannan ƙwayar halitta tana sa waken ya riƙa samar da wani sinadari wanda idan tsutsar ta ci sai ya manne a bangon hanjinta ya huda shi, ta daina ci, ta mutu tun tana ƙarama.

To, a nan gizo ke saƙa. Sinadarin tsutsa kaɗai yake kashewa, kuma wake yana da wasu maƙiya aƙalla uku da ba ruwansu da shi. Akwai darɓa, wadda ke taruwa baƙi ƙirin a kan tohon wake tun yana ƙarami, musamman idan ruwa ya ɗauke na mako biyu. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari sirara da ke zama cikin fure suna tsotse shi tun bai buɗe ba. Su ne ke sa ka ga gona ta yi ganye shar amma babu kwanso, sandunan fure a tsaye fayau. Idan kana son ganinsu, tsinko fure ka buɗe shi a tafin hannunka ko a kan farar takarda, za ka gan su suna gudu. Na uku su ne manyan ƙwari masu tsotsar kwanso, masu dogon baki kamar allura, waɗanda ke sa kwanso ya yamutse ya bushe tun 'ya'yan ba su cika ba. Feshi biyun da aka ce a yi, saboda waɗannan na biyu da na ukun ne.

Feshi na farko ana yinsa ne lokacin da wake ya fara ɗaurin fure, wajen kwana 30 zuwa 35 bayan shuka, kafin furen ya buɗe. Wanda ya jira sai ya ga gona ta yi fure fal ya makara, domin ɓarnar ƙwarin fure tun a ɗauri take faruwa. Na biyu kuma idan kwanso ya fara fitowa sosai, wajen kwana 10 zuwa 14 bayan na farko. Tsakanin nan da girbi a riƙa shiga gona sau biyu a mako da sassafe ana dubawa. Idan darɓa ta kama tun da wuri, a fesa wa wuraren da ta kama kawai, ba dole sai an bi gona duka ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan wanke ta. Idan masu tsotsar kwanso suka dawo da yawa bayan feshi na biyu, babu laifi a yi na uku. Biyu ƙiyasi ne na shekarar da ba ta zo da annoba ba, idon mai gona shi ne alƙali.

Awon magani shi ne inda muka fi ganin kuskure. Da yawa suna auna magani da murfin kwalba ko gwangwanin madara bisa abin da mai shago ya faɗa, alhali lissafin a jikin kwalba yake. Misali, idan takardar ta ce lita 1 ga hekta guda, kuma kana amfani da ruwa lita 200 a hektar, to famfo mai cin lita 20 zai yi goyo 10, kowane goyo ya sha mililita 100. Idan famfonka mai lita 16 ne, mililita 80 ke nan, goyo 12 da rabi. Sirinji babba na shagon magani ya isa awo. Wanda ya rage magani don tattali yana koya wa ƙwari jure masa ne, wanda ya ninka kuma yana ƙona fure yana zubar da kuɗinsa. A san girman gonar tukuna: hekta ita ce mita 100 tsawo da mita 100 faɗi, eka kuwa ba ta kai rabin hekta ba, kuma mutane da yawa suna kiran eka ɗaya da rabi hekta. A yi feshi da sassafe bayan raɓa ta ɗauke ko da yamma liƙis, lokacin da iska ta kwanta kuma ƙudan zuma ba su cika yawo ba. A rufe hanci da baki, a sa riga mai dogon hannu da takalmi, kada a busa bakin famfo da baki idan ya toshe, kada a ba yara goyon famfo. Kwanakin da takardar ta ce a jira kafin girbi a cika su, har da ganyen miya da harawar dabbobi.

Iri mai kyau ba ya gyara shukar da aka yi ba a kan lokaci ba. SAMPEA 20-T yana nuna a kwana 70 zuwa 75, kuma ba irin kanannado ba ne da ke jiran kaka kafin ya yi fure. Kwanakinsa yake ƙirgawa. Idan ka shuka shi a watan Yuni zai nuna a tsakiyar ruwan Agusta, kwanso ya ruɓe, 'ya'yan su yi funfuna su canja launi, ɗan kasuwa ya karya farashi. Dabarar ita ce ka ƙirga baya daga lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a yankinku. A ƙasar Kano da Katsina da Jigawa tsakiyar Yuli ya fi dacewa, a ƙasar Zazzau da kudancinta kuwa daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Tazarar kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 20, zurfi santimita 3 zuwa 5, a zuba ƙwaya uku a cire ɗaya bayan mako biyu a bar biyu. Wannan zai ba ka tsiro kimanin 133,000 a hekta, kuma zai ci iri kilo 20 zuwa 25. Irin tazarar da aka saba yi wa wake mai yaɗo, taku biyu tsakanin rami, ba ta yi wa wannan ba, domin a tsaye yake fita, ba ya rufe ƙasa. Wanda ya ba shi tazarar kanannado zai girbi ƙasa da rabin abin da gonar za ta iya bayarwa, ciyawa kuma ta cika gurbin.

Mai son haɗa shi da gero ko dawa ko masara kada ya cusa shi a ƙarƙashin inuwarsu. Tsarin da masu bincike suka gwada a ƙasar Kano shi ne kunya biyu ta hatsi, kunya huɗu ta wake, a jere har ƙarshen gona. Waken yana samun rana, mai feshi yana samun hanya, kuma baɗi sai a sauya wuri hatsin ya ci moriyar takin da waken ya bari.

Game da taki, wake ba ya son yuriya. Yana haɗa nasa takin ne ta 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa, kuma idan ka ɗura masa yuriya sai ya tafi ganye ya manta da 'ya'ya. Abin da yake nema shi ne sufa. A ƙasar da ta gaji, buhu biyu na kamfa 15:15:15 da buhu biyu na sufa sun isa hekta, a zuba lokacin gyaran gona ko ranar shuka, a binne, kada ya taɓa ƙwayar iri. Idan kana son sanin ko saiwar tana aiki, tuge tsiro ɗaya bayan wata guda ka fasa ƙullin da farce. Idan cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Idan fari ne ko kore, ba ya yi. Noma biyu ya wadatar, na farko a mako na biyu, maimai kafin fure. Da fure ya buɗe a rage shiga da fartanya, domin girgiza na zubar da shi. Wani alherin da ya gada daga SAMPEA 10 shi ne jure wa wuta-wutar wake, wadda ta kori mutane da yawa daga noman wake a ƙasa mai yashi.

Sai maganar iri na jabu, wadda a ganinmu ita ce babbar barazana ga wannan aiki. Ƙwayar SAMPEA 20-T fara ce matsakaiciya, ido ba zai bambanta ta da SAMPEA 10 ko wani farin wake ba. Duk wanda ya ga dama zai iya auno wake a kasuwa ya zuba a leda ya ce na jami'a ne. A saya daga cibiyar ko daga kamfanonin irin da aka ba lasisi, a cikin leda a rufe, mai ɗauke da tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa da lambar da ake kankarewa a tura a waya don tabbatarwa. Kafin shuka a gwada tsirarsa: a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa, a ƙirga waɗanda suka tsira bayan mako guda. Idan ba su kai 80 ba, a mayar wa mai shi. Akwai kuma ɗan tsinken gwaji da ake tsomawa a ruwan dakakken ganye, cikin 'yan mintuna ya nuna ko waken yana ɗauke da sinadarin. Ya kamata ofisoshin malaman gona na jihohi su mallake shi, domin shi ne zai raba gardama tsakanin manomi da mai sayar da iri.

Ana yawan tambaya ko za a iya ajiye iri daga girbi a shuka baɗi. Ana iyawa. Wake kansa yake yi wa barbara, saboda haka 'ya'yansa suna fitowa irin uwarsu, kuma ƙarya ce a ce ba ya tsira karo na biyu. Matsalar cakuɗuwa ce: a masussuka, a buhu, ko daga waken bara da ya zube a gona ya tsiro. Wanda zai ajiye ya ware gefen da zai ɗebi iri, ya rore shi daban, ya casa shi daban, kuma bayan damina biyu ko uku ya sabunta. Kada a haɗa wannan da masarar TELA da cibiyar ta fitar a Janairun 2024, wato SAMMAZ 72T da 73T da 74T da 75T, masu jure tsutsar kara da tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo mana a 2016. Su 'yan aure ne, wato an samar da su ta hanyar haɗa iri biyu daban-daban, kuma duk masarar aure, ko an taɓa ƙwayar halittarta ko ba a taɓa ba, amfaninta raguwa yake yi idan aka maimaita shuka 'ya'yanta.

Mun san akwai masu ɗar-ɗar da duk abincin da aka taɓa ƙwayar halittarsa, kuma ba mu ga laifin mai tambaya a kan abin da zai ci ya ciyar da iyalinsa ba. Ga abin da aka sani. Ita ƙwayar ƙasar nan ta Bt an shafe shekaru masu yawa ana fesa ta a gonaki a matsayin maganin tsutsa, har a gonakin da aka haramta maganin zamani. Sinadarinta yana buƙatar irin hanjin tsutsa kafin ya yi aiki, da wasu wuraren kamawa da ke bangon hanjin. Cikin ɗan'adam da na akuya ba su da waɗannan wurare, kuma ruwan cikinmu mai tsami narkar da shi yake yi kamar sauran abinci. Wannan bai sa a ce kowane irin da aka inganta ta wannan hanya nasara ne ba. Burkina Faso ta yi watsi da audugar Bt a 2016 saboda zaren da take bayarwa ya gajarta, masu saye suka rage kuɗi. Shi ma waken namu yana da nasa rauni. Ƙwayar kariya guda ɗaya ce a cikinsa, kuma tsutsa tana iya sabawa da ita bayan shekaru, wanda shi ne dalilin da masu binciken ke aikin ƙara ta biyu. Duk wanda ya tabbata irinsa na gaske ne, kuma ya ga manyan tsutsotsi da rai suna cin kwanso da yawa, ya kai rahoto ga malamin gona, kada ya bari. Sannan kasuwa tana da nata zaɓi: mutanen Kudu maso Yamma sun fi son jan wake, 'yan kasuwar Dawanau suna ba manyan ƙwaya kuɗi fiye da ƙanana, masu kiwo kuma harawa suke nema. Roƙonmu ga Samaru shi ne a hanzarta sa wannan kariya a cikin jan wake da mai manyan ƙwaya da mai yawan harawa.

Abin da ya fi damunmu, ranka ya daɗe, shi ne abin da ke faruwa bayan girbi. Sinadarin Bt ba ya taɓa ƙwaron da ke huda wake a buhu. Manomi ya rage feshi a gona, sannan ɗan kasuwa ya zo ya yayyafa wa waken fiya-fiya a sito, an koma gidan jiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a cikinsa, kuma waken da Turawa suka ƙi shi ne muke yin ƙosai da alale da shi. Ita kuma ƙwayar da ake kira bom iskar guba take fitarwa, ba a yi ta don a jefa a buhun da ke ɗakin kwana ba, kuma ta sha kashe mutane a cikin barci.

Maganin wannan ma daga jami'a ya fito, kuma ya girmi sabon irin. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, sun fara aikin tare da abokan aikinsu a Marwa ta arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, aka faɗaɗa shi a 2007 da sunan buhun PICS. Masu bincike a Maraɗi, irin su Farfesa Ibrahim Baoua, sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kansa a ƙauyukan Nijar. Buhu uku ne a cikin juna: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo amfani, uwar tana iya saka ƙwai har kusan 100, kuma cikin mako uku zuwa huɗu sabon zubi ya fito, shi ya sa buhun da ka gani lafiya a Nuwamba kake iske shi gari a Fabrairu. Idan aka ɗaure ledar da kyau, ƙwarin da ke ciki su suke shanye iskar da numfashinsu cikin 'yan kwanaki, sai su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. Ba a sa ko ɗigon magani.

Masu cewa sun gwada bai yi ba, kusan kullum ɗaya daga cikin kurakurai kaɗan ne. Na farko danshi. Wake sai ya bushe ƙarau, danshinsa bai wuce kashi 12 zuwa 13 cikin 100 ba. Ciza shi, idan ya fashe da ƙara ya bushe, idan haƙori ya nutse a mayar da shi rana. Ko a zuba shi a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalba da sauran danshi, kuma waken da aka rufe da danshi funfuna zai yi. A bar shi ya huce daga zafin rana kafin a zuba, a sheƙe shi sosai, domin tsinke da ɓawon kwanso suna huda leda. Kafin a zuba a gwada kowace leda: a cika ta da iska, a riƙe bakin, a danna. Idan tana sacewa akwai huda, a liƙe da salatif ko a canja. A fara zuba kwano biyu ko uku a ledar ciki don ta zauna, a sa ta cikin ta biyu, a sa su cikin buhun saƙa, sannan a ci gaba da zubawa ana girgizawa. A bar sarari a sama wanda zai isa ɗauri. A matse iska, a murɗe wuyan ledar ciki, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure da igiya ko robar tayar keke. Sai a yi wa ta biyu haka, sannan na waje. Kowanne da ɗaurinsa. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure tare ya ɓata aikin, domin iska za ta bi ta cikin naɗin ta shiga.

A jera buhunan a kan katako, kada su taɓa ƙasa ko bango, nesa da rana, a share kewaye saboda ɓera, wanda shi ne babban maƙiyin ledar. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, na ci a ware shi daban a jarka. Kada ɗan kasuwa ya soka masa ƙarfen ɗibar samfur, kada 'yan dako su ɗaga shi da ƙugiya. Idan aka kula da shi, buhu ɗaya yana yin kaka uku. Wanda bai samu buhun ba, jarka ko durom mai murfi da roba suna yin aiki iri ɗaya muddin an cika su har wuya an toshe. Mai ɗan kaɗan kuma zai iya shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ya ɗora baƙar leda, ya baza wake ba da kauri ba, ya rufe da farar leda mai nuna ciki ya danne gefuna da duwatsu, ya bar shi awa biyu a tsakar rana. Zafin da ke taruwa a ciki yana wuce digiri 57, wanda ke kashe ƙwai da tsutsa da uwar, amma daga nan sai an zuba shi a abin da ke rufuwa, in ba haka ba sababbi za su shiga.

Duk waɗannan bayanai suna nan a rubuce a jami'o'inmu, yawanci da Turanci, a cikin rahotannin da manomi ba zai taɓa gani ba. Malaman gona sun yi ƙaranci, mutum ɗaya ga dubban gidaje, da yawansu babu babur babu mai. Muna kira ga Samaru, da sashen yaɗa sakamakon bincike na NAERLS da ke maƙwabtaka da ita, da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, su sa a buga ranar shuka da tazara da lokacin feshi da Hausa, boko da ajami, a jikin kowace ledar iri, da hoton ƙwarin da irin ba ya kashewa. Gwamnatocin jihohin da ke raba taki su haɗa da buhun ajiya a cikin rabon. Ku kuma 'yan jarida, idan jami'a ta kira ku bikin ƙaddamar da iri, ku tambayi mai binciken abin da irin ba ya yi, ku buga amsar tare da labarin. Muna kuma roƙon a maimaita bayanin shuka da feshi a farkon watan Yuli, na ajiya kuma a watan Oktoba, lokacin da manoma ke buƙatarsu a hannu.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.

Daga wasu malaman gona da masu nazarin ƙwarin amfanin gona,
Zariya, Jihar Kaduna.